Farfesa Ludwig Quidde, Mai Neman Salama

An haifi Ludwig Quidde a Bremen ta Jamus a 1858. Masanin tarihi ne da ya ƙi yi wa yaƙi kirari. A 1894 ya rubuta ɗan littafi kan Kaligula, mahaukacin sarkin Roma, kowa kuwa ya gane da Sarki Wilhelm na Biyu yake. Abokan aikinsa suka guje shi. A 1896 aka ɗaure shi wata 3 saboda zagin sarki. Duk da haka bai karaya ba. Ya shugabanci ƙungiyar salama ta Jamus daga 1914 zuwa 1929, ya sami lambar Nobel a 1927. Da Hitler ya hau mulki a 1933, ya yi gudun hijira zuwa Geneva, can ya rasu a 1941. 'Yan'uwa, salama ba ta da araha.