Fumfunar da ta cinye tantunan sojojin Amurka

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka da aka girke a tsibiran kudancin tekun Fasifik sun gamu da wata matsala da ba su shirya mata ba. Tantuna da kaki da duk abin da aka saƙa da auduga sai ya riƙa ruɓewa cikin ɗan lokaci, saboda zafi da danshin yankin. Sashen kula da kayan soja ya tattara tsummokaran, ya tura su gida domin a gano dalili. Daga wani yadin auduga da aka ɗauko a tsibirin Bougainville aka ware wata koriyar fumfuna, aka yi mata lamba QM6a.

Abin da fumfunar ke ci shi ne selulos, sinadarin da ke ba kara da itace da auduga ƙarfinsu, wanda Bafaranshe Anselme Payen ya fara warewa a 1838. Selulos doguwar sarƙa ce ta sukarin gulukos, kamar sitacin da ke cikin dawa. Bambancinsu yana ga yadda aka ɗaura ƙwayoyin sukarin. Sarƙoƙin selulos miƙaƙƙu ne, suna kwanciya gefe da gefe, su manne har ruwa ba ya samun hanyar shiga. Shi ya sa mutum ke narkar da tuwon dawa, amma cikinsa ba ya iya komai da karanta.

Elwyn Reese, masanin da ke bincike wa rundunar, ya wallafa wani hasashe tare da abokan aikinsa a 1950. Sun ce aikin mataki biyu ne: akwai wani abu da suka kira C1, mai fara sassauta dunƙulen, sannan sinadaran narkarwa, wato inzayim, su bi su yanyanka shi. Reese da Mary Mandels sun ci gaba da aikin a cibiyar soja ta Natick da ke jihar Massachusetts. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa inzayim iri uku ne ke aiki tare. Na farko yana yanka sarƙar a tsakiya, inda ta yi sako-sako. Na biyu yana kama bakin da aka buɗe, ya riƙa tsinke ƙwayoyin sukari bibbiyu. Na uku yana raba bibbiyun nan zuwa gulukos. Idan aka rasa na ukun, bibbiyun sukan taru su hana na biyun aiki.

Da farko manufar ita ce a kare auduga daga ruɓewa. Tashin farashin man fetur a 1973 ya juya akalar binciken: idan ana iya mayar da kara da tsohuwar takarda sukari, ana iya mayar da sukarin itanol, a zuba wa mota, ba tare da an taɓa hatsin abinci ba. A 1977 aka raɗa wa fumfunar suna Trichoderma reesei don girmama Reese. Zuwa ƙarshen shekarun 1970, masu bincike a Jami'ar Rutgers sun samar da wani irinta mai suna RUT-C30, wanda ke fitar da inzayim fiye da na asali nesa ba kusa ba.

Bakteriya kuwa wasunsu wata dabara suka ɗauka. A 1983 Raphael Lamed da Edward Bayer, masana daga Isra'ila, sun gano cewa bakteriyar Clostridium thermocellum ba ta sakin inzayim ɗinta su watse kamar yadda fumfuna ke yi. Tana jera su ne a kan wani dogon furotin da ke maƙale a jikinta, sannan ta manne da selulos ɗin, don kada sukarin ya kuɓuce mata. Irin wannan tsari yana cikin wasu bakteriyar da ke tumbin saniya, waɗanda ke mayar mata da ciyawa abinci.

Shi kuwa C1, sai a 2010 aka samo abin da ya yi kama da shi. Masu bincike a Norway sun bayyana wani inzayim da ke amfani da iskar oksijin ya fasa saman dunƙule mai tauri, kuma ba da jimawa ba aka gano cewa da tagulla yake aiki. Masana da dama suna ganin wannan ne amsar hasashen Reese, bayan shekara 60.

Burin samun mai daga kara bai cika yadda aka zata ba. Kamfanin DuPont ya buɗe babbar masana'antar irin wannan itanol a jihar Iowa a 2015, aka rufe ta a 2017. Tattara kara da jigilarsa da sassauta shi kafin a zuba inzayim duk suna cin kuɗi, ga gogayya da fetur mai araha. Inda jikokin QM6a suka sami kasuwa shi ne masaƙu da abincin dabbobi. Yawancin wandunan jins masu kamar sun koɗe, da inzayim mai cin selulos ake wanke su kafin su isa kanti.