Rufewa da Toshewa: Tarihin Aikatau na Turanci "Clog Up" da Takwaransa na Hausa

Sau da yawa masu fassara sukan mayar da "clog up" zuwa "rufe", alhali tarihin kalmar da na ƙasar Gumel da Haɗeja sun nuna cewa "toshe" ko "cushe" ne daidai.

A Ingila ta ƙarni na 14, "clog" gungumen itace ne da ake ɗaura wa dabba a ƙafa don kada ta yi nisa, wato aikin dabaibayi yake yi. Sai a ƙarni na 17 ma'anar ta faɗaɗa, ta haɗa da taruwar datti a mashigi har ya hana wucewa. Ita kuwa "up" da ke biye da ita ba sama take nufi ba. Aikinta shi ne nuna cewa abin ya kai matuƙa.

Hausa ba ta bukatar ƙarin kalma domin wannan aiki. A shekarar 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, ya nuna cewa aji na huɗu, mai ƙarewa da wasalin "e", shi ne ke ɗauke da ma'anar ƙurewa: saya da saye, cusa da cushe, cika da cike. Ashe abin da Bature ya rataya a bayan aikatau, Bahaushe a jikinsa ya gina shi.

To, "rufe" da "toshe" duka 'yan aji na huɗu ne. Abin da ya raba su yana bayyana a misalai biyu daga Jihar Jigawa. A Maigatari, arewa da Gumel, hukuma ta rufe iyaka da Nijar daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufe ta a Agustan 2019, ta buɗe a Disamban 2020. Fatake da masu dabbobin kasuwar Alhamis sun sha wuya, amma umarni ne ya rufe, umarni kuma ya buɗe.

Na kogin Haɗeja daban ne. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa da rani, kacala ta sami wurin zama, laka ta taru a gindinta shekara da shekaru. Tsohuwar hanyar kogin ta toshe, ruwa ya karkata ta Marma zuwa Nguru, gonakin wasu suka nutse, na wasu suka bushe. Wannan shi ne "clog up": abu ne da ke taruwa sannu a hankali, babu mai iya faɗin ranar da ya faru.

Saboda haka ya kamata malamai su koya wa ɗalibai wannan bambanci. Mai fassarar da ya ce kogi ya rufe ya sa manomi jiran sanarwar buɗewa, alhali kuwa abin da ya toshe sai an yashe shi.