Kuɗin Gwamnati da Lafiyar Masu Sauya Jinsi a Pakistan: Nazarin Shirin Sehat Sahulat, 2018 zuwa 2023

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda gwamnatin Pakistan ta shigar da masu sauya jinsi, waɗanda ake kira khawaja sira a can, cikin inshorar lafiyar da baitulmali ke biya. An dogara ga dokar 2018, da ƙa'idojin shirin Sehat Sahulat, da alƙaluman ƙidaya, da hukuncin kotu na 2023. An gano cewa ware kuɗi kaɗai bai kai magani ga mabuƙata ba, domin sai da katin shaida ake cin moriyar shirin.

1.0 Gabatarwa

A watan Mayun 2016 wata 'yar fafutuka mai sauya jinsi, mai suna Alisha, ta rasu a wani asibitin gwamnati a Peshawar bayan an harbe ta. Abokanta sun ce an ɓata lokaci ana gardamar ɗakin da za a kwantar da ita, na maza ko na mata. Shekara biyu bayan haka majalisar ƙasa ta zartar da dokar kare haƙƙin masu sauya jinsi, wadda ta wajabta wa gwamnati ta sauƙaƙa musu samun kulawa a asibitoci, ta kuma sake duba manhajar koyar da likitoci. A Disambar 2019 Firaminista Imran Khan ya ƙaddamar da ba su katin lafiya na Sehat Insaf, a ƙarƙashin shirin Sehat Sahulat.

2.0 Sakamakon Bincike

2.1 Rajista

Katin lafiya ya rataya ne a kan katin ɗan ƙasa da hukumar NADRA ke bayarwa, kuma mai son shiga ta wannan kafa sai an yi masa rajistar jinsi da alamar X. Da yawa daga cikin masu sauya jinsi tun suna ƙanana suka bar gidan iyaye, suka koma ƙarƙashin wani jagora da ake kira guru, ba tare da takardun dangi ba. Ƙidayar 2017 masu sauya jinsi 10,418 kacal ta samu a ƙasar da ke da mutane sama da miliyan 200, adadin da ƙungiyoyinsu suka ce ya yi ƙasa ƙwarai. Kasafin da aka gina a kan wannan lissafi dole ya gaza.

2.2 Abin da katin ke biya

A shekarun da aka yi nazari, Sehat Sahulat kuɗin kwanciya a asibiti ya riƙa biya, ta hannun kamfanin inshora na State Life. Amma galibin buƙatun waɗannan mutane na sha-ka-tafi ne: gwajin jini, ganin likitan ƙwaƙwalwa, da bibiyar maganin ƙanjamau. Binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna kimanin kashi 7 cikin ɗari daga cikinsu na ɗauke da ƙwayar cutar, alhali a sauran jama'a abin bai kai kashi 1 ba. Bugu da ƙari, tun gyaran tsarin mulki na 2010 harkar lafiya ta koma hannun larduna, don haka abin da ake samu a Punjab daban, na Sindh daban.

2.3 Hukuncin kotu

Ranar 19 ga Mayu, 2023, Kotun Shari'ar Musulunci ta Tarayya ta yanke cewa sassan dokar da suka bai wa mutum damar zaɓen jinsinsa bisa yadda yake ji a ransa sun saɓa wa Musulunci. Kotun ta bambanta mata-maza, waɗanda fiƙihu ya san hukuncinsu, da wanda halittarsa ba ta da ruɗani. NADRA ta dakatar da rajistar X na 'yan watanni, sannan ta ci gaba, an kuma ɗaukaka ƙara. A tsawon wannan lokaci duk wanda bai riga ya yi rajista ba ya rasa hanyar samun katin lafiya ta wannan kafa.

3.0 Kammalawa

Saɓanin da ke tsakanin majalisa da kotu a kan jinsi ne, babu ɓangaren da ya ce a hana maras lafiya magani. Saboda haka maƙalar ta ba da shawara a raba cancantar samun inshora da alamar jinsin da ke kan katin ɗan ƙasa, a faɗaɗa shirin ya haɗa da marasa kwanciya, a kuma horar da ma'aikatan asibiti kan karɓar kowa da mutunci. Muddin ba a yi haka ba, kuɗin da aka ware ba zai isa ga waɗanda aka ware dominsu ba.