Bututun Man Chadi da Dazuzzukan Kamaru

A watan Yuni na 2000 Bankin Duniya ya amince ya tallafa wa aikin shimfiɗa bututun mai daga rijiyoyin Doba da ke kudancin Chadi zuwa gaɓar teku a Kribi ta ƙasar Kamaru. Tsawon bututun kilomita 1,070 ne, kuma mafi yawansa a cikin Kamaru yake. Chadi ba ta da gaɓar teku, don haka man da za ta haƙo ba shi da hanyar kasuwa sai ta ƙasar maƙwabciyarta.

Sai dai hanyar ta ratsa kurmin da ke bakin Tekun Atilantika, inda al'ummar Bagyeli suke rayuwa da farauta da tsintar 'ya'yan itace. Masu kare muhalli sun yi gargaɗin cewa duk inda aka buɗe hanya a kurmi, masu saran katako da mafarauta za su biyo baya. Saboda haka aka karkatar da bututun daga kwarin Mbere da mafi yawan dajin Deng Deng. Aka kuma yi abin da ake kira diyyar muhalli, wato a keɓe wani daji a maimakon wanda aka sare. A shekarar 2000 gwamnatin Kamaru ta kafa gandun daji biyu, Campo Ma'an da Mbam-Djerem, kamfanin bututun kuma ya zuba dala miliyan 3.5 a gidauniyar FEDEC domin kula da su da kuma tallafa wa Bagyeli.

Mai ya fara gudana a 2003. A 2008 Bankin Duniya ya janye daga aikin, bisa dalilin cewa Chadi ba ta kashe kuɗin man wajen yaƙi da talauci kamar yadda aka yi yarjejeniya ba. Gandun dajin sun ci gaba da kasancewa, amma dokar da ta kare itatuwan Campo Ma'an ta taƙaita wa Bagyeli shiga inda kakanninsu suka yi farauta. Gonakin roba da na kwakwar manja sun yi wa gandun ƙawanya, kuma a 2019 gwamnati ta cire kimanin hekta 60,000 na kurmin da ke maƙwabtaka da shi daga jerin dazuzzukan dindindin domin noman kwakwar manja. Diyyar ta kare abin da ke cikin iyakar gandun, kurmin da ke wajenta kuwa ya ci gaba da raguwa.