Samfurin Jirgin Yaƙi: Daga Kwalin Turai Zuwa Karan Dawa na Daura

Haɗa ƙaramin samfurin jirgin yaƙi, wato kwaikwayon jirgi na gaskiya da ake rage girmansa bisa ƙayyadajjen ma'auni ba tare da an sauya siffarsa ba, sana'ar hannu ce da ta samo asali a Ingila cikin shekarun 1930, kuma duk da cewa kwalayenta ba kaya ba ne da ake kasawa a kasuwar Daura, tarihin da take kwaikwayo ya ratsa ƙasar Hausa fiye da yadda yawancin masu yin ta suka sani. Ma'aunin da ya fi shahara shi ne 1:72, ma'ana kowace santimita ɗaya a jikin samfuri tana wakiltar santimita 72 a jikin jirgi, saboda haka jirgin Spitfire mai faɗin fukafukai mita 11 da 'yan kai yakan dawo santimita 15 da rabi, abin da zai zauna a tafin hannu. Kamfanin Skybirds ne ya fara yaɗa wannan ma'auni a 1932 da sassa na katako, sannan FROG ya fitar da na roba a 1936, amma Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da wasan aiki, domin a 1942 rundunar ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa samfura 500,000, a shafe su da baƙin fenti, don sojoji su koyi bambance jirgin gida da na abokan gaba daga inuwarsa kawai. Daga nan ne masu wannan fanni suka gaji tsananin kula da daidaito, tunda kuskuren siffar fiffike a wancan lokaci yana iya sa a harbo ɗan'uwa.

Bayan yaƙi, kamfanin Airfix, wanda Nicholas Kove ya kafa a 1939, ya fitar da Spitfire na roba a 1953 da arha ƙwarai, sai kamfanonin Revell na Amurka da Tamiya na Japan suka bi da nasu. Ana narkar da robar ne a ɗura ta cikin mazubin ƙarfe, kamar dai zubin da maƙeran fari ke yi, sassan su fito a manne da wani firam, mai haɗi ya yanke su ɗaya bayan ɗaya.

A masarautar Daura, zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, shi ne ya ga shigowar jirgin sama ƙasar Hausa tun daga farkonsa. Jirage uku na sojan saman Ingila sun sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, kuma daga Satumba 1940 aka buɗe hanyar Takoradi, inda ake kawo jiragen Hurricane a cikin akwatuna ta teku, a haɗa su a gaɓar ƙasar da yanzu ake kira Ghana, su tashi rukuni-rukuni ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da Khartum har Alƙahira, jirgin Blenheim yana musu jagora. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya. Abin lura shi ne waɗancan jirage ma a matsayin ƙunshin sassa suka iso Afirka, haka kuma aka maimaita a Agusta 1967, lokacin da aka kawo jiragen MiG-17 filin jirgin Kano aka haɗa su don yaƙin basasar Najeriya.

Wanda yake son samfurin Hurricane irin wanda ya kwana a Kano ba zai wadatu da abin da ke zane a bayan kwali ba, domin yawancin kwalaye suna nuna jirgin kamar yadda ya yi yaƙi a sararin Ingila. Na sahara yana da wani kumburi a ƙarƙashin hanci, matacin iska ne da ake kira Vokes, wanda ke hana yashi shiga inji, kuma rabin jikin Hurricane na baya ƙyalle ne aka ja a kan sanduna, saboda haka dole layukan su bayyana kaɗan ba tare da sun zama kamar kunyoyin gona ba, kuskuren da tsofaffin mazubai suka sha yi. Gam ɗin da ake amfani da shi narkar da roba yake yi har ɓangarori biyu su zama ɗaya, shi ya sa ɗigo guda a kan gilashin mazaunin matuƙi yakan bar tabo fari da ba ya gyaruwa sai da wahala. Bayan an haɗa rabi da rabi na gangar jiki, akan cike tsagar da foti, a goge da samfefa mai laushi, a ɗaga samfurin ga hasken taga a juya shi sannu a hankali, domin tsagar da ido bai gani ba fenti zai tona ta. A nan yanayin Daura yake shiga maganar: ƙurar hunturu tana sauka a kan ɗanyen fenti ta mayar da shi kamar bayan ƙadangare, zafin bazara kuma yana busar da shi tun yana bakin buroshi, don haka sanyin asuba da rufe samfuri da kwano su ne dabarar da ta fi kowane kayan aiki mai tsada.

Sai dai ƙasar Daura tana da nata reshen wannan fanni wanda bai taɓa jiran kwali ba. Da kaka, bayan an yanke dawa, yara sukan feƙe bawon kara su mayar da shi siraran tsinke, su yanka totuwa, wato farin cikin karan mai taushi, su soka wannan cikin wancan har mota ko jirgi ya tashi, da farfela mai juyawa idan an yi gudu da shi. Waɗanda suka ɗan tasa kuma sukan koma langa-langa da gwangwanin madara da tsohon silifa don tayoyi. Masu haɗin kwali sukan raina wannan aiki da cewa ba shi da ma'auni, kuma gaskiya ne ba ya bin 1:72, amma yaron kara yana yin abin da mai kwali ya daina yi tun 1953, wato ya kalli abu ya fitar da siffarsa da kansa, alhali shi mai kwali kamfani ne ya auna masa komai. Abin da aikin kara ya rasa shi ne takamaiman jirgi: yakan fito jirgi ne kawai, ba Hurricane ba, ba MiG ba, domin mai yin sa daga nesa ya hango shi, galibi sau ɗaya.

Wannan giɓi ya fara raguwa. Wayar hannu ta kawo hotunan jiragen Alpha Jet da Super Tucano na sojan saman Najeriya daga kowace kusurwa, har da zanen injiniya mai nuna jirgi ta sama da ta gefe da ta gaba, wanda da shi da rula kaɗai ake iya raba mita 9.6 na fukafukan MiG-17 gida 72 a sami santimita 13 da ɗigo 3, a yanka totuwa daidai wannan tsawo, a zana tambarin kore da fari da kore a kan fiffike.