Jagaba da Mabiya: Yadda Zaren Jijiya ke Samun Hanya a Ƙwaƙwalwar Tayi

Kusan kowace ƙwayar jijiya takan fitar da dogon zare guda da take aika saƙo ta cikinsa, kuma a ƙarshen zaren, yayin da yake tsiro, akwai wani kai mai motsi, mai yatsu siri-siri, wanda Santiago Ramón y Cajal ya fara bayyana shi a 1890 bayan ya duba lakar ɗan tsako tun yana cikin ƙwai. Wannan kan tsiro shi ke lalubar hanya, sai dai ba dukan zarurruka ke yin lalube iri ɗaya ba. Kaɗan ne ke fita da farko, lokacin da tayi yake ƙanƙani kuma tazarar da za a ratsa gajera ce, yayin da mafi yawa ke biyo baya su manne a jikin na farkon har su zama dami. Wanda ya san tsarin ayarin fatake zai gane rabon aikin nan da nan, domin jagaba ne ke wucewa gaba ya duba hanya, sauran ayari kuma su bi sawunsa.

Michael Bate ne ya nuna waɗannan jagabai a tayin fara a 1976, kuma tun daga nan hankalin masu bincike ya fi karkata gare su, alhali mabiya, waɗanda su ne mafi yawan ginin ƙwaƙwalwa, sun cancanci kulawa fiye da wadda suka samu. Mabiyi ba makaho ba ne da ake ja da sanda. A farkon shekarun 1980, Jonathan Raper da Michael Bastiani da Corey Goodman sun gano cewa a tayin fara wata ƙwaya da suka laƙaba wa harafin G takan tarar da dami mai zarurruka iri biyu, na A da na P, amma na P kaɗai take zaɓa, kuma idan aka kashe na P ba ta yarda ta bi na A, sai ta rikice. Ma'anar wannan ita ce kowane zare yana ɗauke da alamar sinadari a fatarsa, kuma mabiyi yana karanta alamar kafin ya manne.

Hujja mafi ƙarfi ta zo daga kifin zebira a 2003, inda Magdalena Bak da Scott Fraser suka ga jagaba yana rage gudu idan ya iso tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda zai tsallaka daga ɓangare zuwa ɓangare, mabiya kuwa suna wucewa da sauri da kai mai sauƙin siffa. Da suka kawar da jagaban da hasken leza, sai wani mabiyi ya ɗauki halinsa, ya rage gudu ya shiga lalube. Ke nan jagabanci matsayi ne da lokacin fitowa ke bayarwa, kuma ikon lalube yana kwance a cikin mabiyi ko da bai buƙace shi ba.

Tsallakar tsakiya ita ce inda wannan ilimi ya taɓa rayuwar iyalai kai tsaye. A ciwon Joubert, wanda aka bayyana a Montreal a 1969, wasu manyan damman jijiya ba sa tsallakawa yadda ya kamata, yaro kuma ya taso da raunin tsoka, tangaɗi da numfashi marar tsari. Ciwon yakan bayyana idan uwa da uba duka suna ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar halitta ɗaya, shi ya sa auren zumunci ke ƙara yiwuwarsa. A Cibiyar Bincike ta Ƙasa da ke Dokki, a Giza, Farfesa Maha Zaki ta yi shekaru tana aiki da Joseph Gleeson na Amurka a kan iyalan Masar, aikin da ya taimaka wajen gano da yawa daga ƙwayoyin halittar da ke haddasa ciwon. Auren zumunci sananne ne a Kano da Katsina da Maraɗi kamar yadda yake a Masar, don haka asibitocin koyarwa na ƙasar Hausa suna da dalilin fara tattara irin waɗannan bayanai daga iyalan da ke kawo musu yara masu jinkirin zama da tafiya.