Yadda Aka Rataya wa Bakteriya Fitila

A shekarar 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta amince wa Ananda Chakrabarty ya mallaki haƙƙin ƙirƙira a kan wata bakteriya da ya sauya wa ƙwayoyin gado domin ta riƙa cin ɗanyen mai. Hukuncin ya yi tashe, amma ya bar wata tambaya a tsaye. Cokali ɗaya na ƙasa yana ɗauke da miliyoyin bakteriya. Idan aka saki baƙuwa a cikinsu, ta yaya za a san ko tana raye, ko tana aikin da aka sa ta, ko kuwa ta zarce zuwa ruwan rijiya?

Amsa ta farko ta fito daga Jami'ar Tenesi. A 1990 ayarin Gary Sayler ya ba da labarin wani nau'in Pseudomonas fluorescens mai suna HK44, wanda ke cin naftalin, sinadarin da ke cikin kafur ɗin akwatin tufafi. Sun dasa masa ƙwayoyin gadon wata bakteriyar teku mai haske, ta yadda duk sa'ad da ya fara cin gubar sai ya yi walƙiya. A 1996, da izinin hukumar kare muhalli ta Amurka, aka zuba shi cikin manyan tankunan gurɓatacciyar ƙasa a Oak Ridge, aka riƙa auna haskensa.

Amsa ta biyu ma daga teku ta zo. Tun 1962 Osamu Shimomura ya gano wani furotin a jikin halittar ruwa mai suna Aequorea victoria, wanda ke fitar da koren haske idan an haska shi da shuɗi. Douglas Prasher ya ware ƙwayar gadonsa a 1992, Martin Chalfie kuma ya nuna a 1994 cewa tana aiki a jikin wasu halittu. Wannan furotin, GFP, shi ya ba masu bincike damar hango bakteriya guda ɗaya tak manne da saiwar tsiro a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Kowace fitila da amfaninta: walƙiyar HK44 tana shaida cewa ana cin guba, koren hasken GFP kuma yana nuna inda mai cin yake. Duka biyun suna bukatar iskar oksijin, don haka a ƙasar da ruwa ya cika ta, haskensu yakan dushe.